Obin ɗin Ɗorawa Kan Gas: Yadda Ya Yi Min da Sikon Mai Zaƙi da Mai Cuku

Akwai obin ɗin da masu walda ke ƙerawa a nan cikin Katsina, akwatin ƙarfe da ake ɗorawa a kan murhun gas, ba ruwansa da wutar lantarki. Nawa wani bawan Allah ne ya yi min shi can wajen Ƙofar Marusa, kuma tun daminar bara nake aiki da shi. Mata da yawa sun tambaye ni ko yana da kyau, musamman waɗanda suka gaji da a ɗauke musu wuta kek yana tsakiyar tashi. Amsata ita ce yana da kyau, amma ba a yadda ya fito daga hannun mai walda ba. Sai kin ƙara masa abubuwa biyu, kin kuma karanci halinsa. Sikon (scone), wani ɗan gashin fulawa da bota mai tudu da ake ci da shayi, shi ne ya nuna min haka, shi ya sa a kansa zan yi maganar.

Fasalinsa ba wani abin mamaki ba ne. Faɗinsa kamar kamu ɗaya, tsayinsa ma haka, da raga biyu a ciki, da ƙofa mai gilashi da wani ɗan agogon zafi a jikinta. Ƙasansa a buɗe yake, sai farantin ƙarfe da aka gicciya a saman inda harshen wuta ke bugawa, an bar tazara ta gefe da gefe don iska mai zafi ta hau sama. Mace ɗaya za ta iya ɗaga shi ta ajiye. Kuɗinsa bai kai na obin ɗin lantarki mai girmansa ba, ko da yake farashin yana bin tsadar ƙarfe, don haka abin da na biya bara ba lallai shi za ki biya bana ba.

Dalilin da ya sa na ce sikon shi ne gwajin gaskiya: kek yana da haƙuri. Ki ba shi digiri 170 ko 180, ko zafin ya ɗan yi sama ya yi ƙasa, zai tashi a hankali cikin minti arba'in ya nuna. Sikon kuwa digiri 220 yake so, kuma minti 12 zuwa 15 kawai zai yi a ciki. Abincin mutanen Birtaniya ne, asalinsa daga Sukotland, inda a da suke yin sa da garin ots, su gasa babban guda ɗaya a kan kasko su yanka gida huɗu. Wannan mai tudu da muke gani yanzu sai bayan da aka samu bekin foda ya samu, wadda wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis. To tunda babu yis a ciki, babu zancen a rufe kwaɓi a jira ya kumbura. Duk tashin da zai yi a cikin obin zai yi shi, a mintocin farko. Bota kusan kashi 80 cikin 100 ɗinta mai ne, sauran yawanci ruwa. In ta shiga obin da sanyinta, gutsi-gutsi a cikin kwaɓin, zafi ya buge ta farat ɗaya, ruwan nan sai ya zama tururi ya ɗaga kwaɓin hawa-hawa, bekin foda na tura nata. In kuma obin ɗin ɗumi kawai ya yi, botar za ta narke ta tsiyaye kafin fulawar ta kama jikinta, sai ki fito da abu shimfiɗaɗɗe mai maiƙo a ƙasa. Obin ɗin da ya iya sikon, ba abin da zai gagare shi.

Abu na farko da za ki ƙara masa shi ne ma'aunin zafi na daban, irin wanda ake ratayawa a jikin raga, ana samunsa a shagunan kayan kek. Ranar da na je ɗauko obin ɗin mai waldar ya nuna min agogon jikin ƙofar ya ce, "Hajiya, wannan shi zai riƙa gaya miki komai, ba sai kin buɗe ba." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma agogon ba ya faɗin gaskiya. Bakinsa gajere ne, zafin ƙarfen ƙofar yake ji, ba na tsakiyar akwatin ba. Na ga ya nuna 220 alhali ma'aunin da ke rataye a ciki bai wuce 180 ba. Wadda ta dogara da shi za ta sa sikon ɗinta da wuri, ta kuma ɗora laifin a kan fulawa ko bekin foda. Da ma'aunin ciki na gane cewa a kan babban kan murhu, wuta a buɗe sosai, yana ɗaukar kamar minti ashirin kafin ya kai 220 na gaske. Yana kaiwa kuwa, yana ma wucewa in ba ki rage ba. Wannan shi ne babban abin da na yaba masa, don akwai ƙananan obin na lantarki da ke fama kafin su kai nan in wuta ta zo da rauni.

Sai dai minti ashirin ɗin nan da yake yi yana ɗaukar zafi, kicin ɗin ma ɗauka yake. Bangon nawa falle ɗaya ne, zafi na fita ta ko'ina. Bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35, mu kuwa a Katsina daga Maris zuwa Mayu rana kan kai 40 ko ba a kunna komai ba. Saboda haka ba na yin kwaɓin sikon a inda obin ɗin yake. A falo nake yi, ko da asuba a tsakar gida, in yanka, in jera a tire, in sa a firiza. In babu wuta sai in ɗora tiren a kan ƙanƙara cikin kula in rufe. Sannan nake zuwa in kunna gas. Da hunturu, Disamba da Janairu, duk wannan wahalar tana raguwa, kuma a lokacin ne sikon ya fi yi min kyau. Amma a lokacin ne kuma iska ke sace wa obin ɗin zafi in kicin ɗinki na waje ne, sai kin kare shi daga inda take kaɗowa.

Ga yadda nake yin mai zaƙin, don ki san da abin da na gwada shi. Fulawa giram 500, bekin foda babban cokali biyu a shafe, bekin soda rabin ƙaramin cokali, gishiri rabin ƙaramin cokali, sukari giram 80, in tankaɗe su tare. Bota giram 120, daskararriya daga firiza, in goge ta da magogi kai tsaye cikin fulawar, kamar yadda ake goge karas. Wannan ya fi yankawa da wuƙa sauri, kuma hannu ba ya daɗewa a ciki. Da kan yatsu nake murtsukawa, ba da tafin hannu ba, ina ɗagawa ina saki, har ya koma kamar dambun da ba a turara ba, ana ganin 'yan ƙwayoyin bota jefi-jefi. Sai ƙwai ɗaya da nono mai sanyi kamar kofi ɗaya, mililita 250, amma ba na juyewa duka lokaci ɗaya, don fulawa ba shanta ɗaya ba.

Bari in tsaya a kan nonon nan, don a nan mun fi masu abin sa'a. Abin da wasu girke-girken mutanen Birtaniya ke nema shi ne nonon da aka kaɗe aka cire masa mai, mai ɗan tsami, su sai sun je kanti sun saya a kwali. Mu shi ne tsalar da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya kullum. Tsamin nan shi ke haɗuwa da bekin soda ya ƙara tashi, ya kuma sa cikin ya yi laushi. Ki saya a wajen wadda kika sani, wadda ba ta tsinka shi da ruwa da kuka. In kindirmo kika samu, ki ɗan sassauta shi da madara. Tun da na koma nono ban sake sa madarar gari a sikon ba, bambancin a bayyane yake a baki.

Da wuƙar cin abinci nake juyawa har ya haɗe, ba na murza shi irin na biredi ko cincin. Murza na tayar da danƙon fulawa, danƙo kuwa shi ke sa sikon tauri. Ko kin ga kwaɓin bai yi sumul ba, haka ake so. In juye a kan tebur mai barbaɗen fulawa, in danna da hannu, in ninka gida biyu, in sake dannawa, in bar kaurinsa yatsu biyu, wato kamar santimita uku. Gwangwanin madarar ruwa da aka cire wa baki shi ne abin yankana. Ki tsoma shi a fulawa, ki danna tsaye ki ɗago tsaye, kada ki murɗa, don murɗawa na liƙe gefen ya hana shi miƙewa. Ki shafa musu ƙwai, amma a sama kawai zai tsaya, kada ya gangaro gefe. Wannan awon yana ba ni kamar guda goma sha biyu, kuma tire ɗaya na obin ɗin takwas yake ɗauka in ana so iska ta zagaya. Wani lokaci ina sa busasshen inabi, amma yankakken dabino ya fi karɓuwa a gidanmu, sai in rage sukarin.

Tashin da suke yi a obin ɗin nan abin sha'awa ne. Ta gilashin ƙofa za ki ga cikin minti biyar sun fara miƙewa, gefen na tsagewa a tsakiya, inda za ki raba shi biyu da hannu ba sai da wuƙa ba. Amma ga aibinsa: wutarsa duk daga ƙasa take. A ragar ƙasa, gindin sikon yana ƙonewa kafin samansa ya canja launi. Ko a ragar sama ma gindin kan yi duhu fiye da yadda ake so. Nan ne abu na biyu ya shigo, kuma ba sabon ilimi ba ne, shi ne dai yashin da iyayenmu ke zubawa a tukunya su gasa kek. Na samo yashi mai kyau, na wanke na shanya, na zuba a tsohon tire kaurin yatsa ɗaya, na ɗora a kan farantin ƙasan. Sharaɗin kawai kada tiren ya toshe tazarar gefen da zafi ke hawa ta ciki. Gishiri ma yana yi a madadin yashin. Yashin yana ƙara 'yan mintoci kafin obin ya yi zafi, amma yana tare wutar da ke dukan gindin tire, kuma in kin buɗe ƙofa zafin ba ya zubewa gaba ɗaya. Tun daga nan gindin yake fitowa ruwan zuma. A minti na takwas nake juya tiren, gaba ya koma baya, don bayan akwatin ya fi gaban zafi.

Mutanen Devon da Cornwall a Ingila har yau ba su daidaita ba a kan wanne ake fara shafa wa sikon, jam ko kakkauran kirim ɗinsu: Devon kirim ne farko, Cornwall jam. Mu a gidanmu zuma ce da ɗan kindirmo mai kauri, da shayi mai citta da kanumfari.

Mai cukun shi ya fi wahalar da obin ɗin, kuma shi na fi so. Awon ɗaya ne, sai dai babu sukari, bota ta koma giram 100, a ƙara cuku giram 150 a goge, da yankakken lawashin albasa, da ɗan garin barkono a bakin cokali. Kashi biyu cikin uku na cukun a cikin kwaɓi, sauran a barbaɗa a sama. Ina rage zafin zuwa wajen 200, don cukun da ya taɓa tire saurin ƙonewa gare shi. Matsalar ita ce kyan mai cuku a samansa yake, inda cukun zai narke ya yi ja ya ɗan ƙandare. Obin ɗin lantarki yana da wuta ta sama da ke yin wannan aikin. Wannan ba shi da ita. In kin bar shi haka, cukun zai narke amma ya tsaya fari, sikon ya nuna amma ido bai ƙoshi ba.

Maganin da na samu shi ne garwashi. Saman akwatin a shimfiɗe yake kuma falle ɗaya ne, don haka in saura minti huɗu ko biyar sai in ɗora garwashi mai kyau, wanda ya gama hayaƙi, a tsohon faranti a kan rufin, tiren sikon yana ragar sama. Nan da nan cukun ke fara tafasa yana yin ɗigo-ɗigon ja. Amma ina roƙon duk mai yin haka ta tabbata tukunyar gas ɗinta tana nesa, da doguwar tiyo mai lafiya, taga a buɗe, yara kuma ba sa kusa. In ba za ki iya cika waɗannan ba, ki haƙura da farin saman, ɗanɗanon bai canja ba.

Zancen cuku kuma sai an yi haƙuri da aljihu. Wanda ya dace shi ne Cheddar, mai sunan wani ƙauye a Somerset ta Ingila inda aka fara yin sa ana adana shi a kogunan dutse. Yana narkewa, yana da gishiri da ɗan kaifi, kuma wanda ya daɗe a ajiye ya fi ƙarfi, kaɗan ya isa. A manyan kantuna ake samunsa a nan, da tsada, kuma ki duba da kyau kafin ki biya: in kin ga mai ya taru a cikin ledar ko ya canja siffa, ya narke ya sake daskarewa ke nan, ki bar shi. Mozarela tana jan zare amma ba ta da ɗanɗanon da zai fito a cikin fulawa. Mai laushin nan mai kusurwa uku da ake shafa wa yara a biredi ɓacewa yake a cikin kwaɓi, ya kuma jiƙa shi. Na gwada cukunmu na Nijar, busasshen nan mai faɗi da Buzaye ke kawowa. Ba ya narkewa ko kaɗan, don haka ba zai maye gurbin Cheddar a sama ba. Amma in an daka shi ya yi gari aka zuba babban cokali uku a cikin fulawar, yana ba da wani ƙamshin nono mai zurfi da nake so ƙwarai, kuma yana sa in rage Cheddar ɗin ciki da rabi. Ɗanyen man shanu ma, in an wanke shi aka daskarar, yana yi a mai cukun, ƙamshinsa ya dace da shi. Soyayyen man shanu kuwa ba ya yi, don an riga an ƙone ruwan da zai zama tururi. Majarin mai tauri ta gashi tana tayar da shi, sai dai ba za ki ji daɗin bota ba.

Ranar da na fara kai wa surukata, ta ci rabin mai zaƙin ta ajiye, ta ɗauki mai cukun ta cinye, ta ce, "'Yar nan, wannan mai gishirin shi ne abinci, wancan ki bar wa yara." Na ce, "To Hajiya, in sha Allah shi zan riƙa kawo miki." Tun daga lokacin nata daban nake yi, da ƙarin barkono, tana ci da shayi bayan la'asar. Da ɗuminsa ya fi daɗi. In ya kwana, ki yayyafa masa ruwa kaɗan ki mayar obin minti biyar.

Sauran aibobinsa ƙanana ne amma gara ki sani. Mariƙin ƙofar ƙarfe ne, yana zafi sosai, sai da tsumma mai kauri. Ƙofar ba ta rufuwa ruf ta sama, akwai 'yar kafa da zafi ke fita, na mayar wa mai waldar ya gyara bai karɓi ko sisi ba, kuma ya yi min da sakin fuska. Da damina yana tsatsa in ba ki goge shi kin shafa masa ɗan mai ba. Sannan farkon kunnawa yana warin fenti da man ƙarfe, dole ki ƙona shi ba komai a ciki, a fili, har warin ya tafi, kafin abinci ya shiga.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba na wasa da shi. Kada ki ɗora wannan akwatin a kan ƙaramar tukunyar gas ɗin nan mai murhu a bisa kanta. Akwatin ya fi murhun faɗi, yana mayar da zafi ƙasa, kai tsaye kan tukunyar da makunninta. Murhun tebur yake so, mai ƙafafu masu ƙarfi, tukunya na gefe can.

In kina da wuta tsayayya ko sola mai ƙarfi, obin ɗin lantarki mai wuta sama da ƙasa ya fi shi sauƙin sha'ani, ba yashi ba garwashi. In kuma tukunya da yashi kike fama da su, wannan ci gaba ne babba, don tukunya ba ta kai zafin da sikon ke so sai ta ƙona gindinsa, kuma duk buɗe murfi zafin tafiya yake. Ga mai yin na gida, ko mai ƙaramar sana'a da ke karɓar odar suna da walima, ina ganin kuɗinsa halal ne, ni kam ban yi da-na-sanin sayensa ba. Gas ɗin da yake ci a sikon kaɗan ne tunda gashin gajere ne, musamman in kin jera tire biyu ko uku kin gasa a jere da zafi ɗaya.

In za ki ba da a ƙera miki, kada ki ɗauki wanda aka riga aka yi aka ajiye. Ki ce da mai waldar ya yi da baƙin ƙarfe mai kauri, ba kwanon rufi ba, don ruwan tutiyar da ke jikin kwano bai dace da wuta da abinci ba, kuma kada ya yi fenti a ciki. Ya ninka bangon gefe da na baya da abin tare zafi a tsakani, amma ya bar saman falle ɗaya saboda garwashi. Gilashin ƙofa ya zama mai jure zafi, ba na taga ba. Mariƙi na katako. Ragar sama ta matsa kusa da rufi, tazarar kamar yatsu shida. Kuma ki tafi masa da tirenki ya auna, don a yi akwatin daidai da shi, da ragowar yatsu biyu ta kowane gefe.